Na Je Yamai Don Yaya Ta Ci Tuwo

Sallama gare ku matan Unguwar Tudu da 'yan ajinmu na Islamiyya. Tun ranar da na sauko daga mota a tashar Gwarzo ban huta da tambaya ba. Wadda ta zo yi min sannu da zuwa sai ta ce, Mairo yaya Nijar? Wadda ta zo aron rariya ma sai ta nemi kujera. Na ba da labarin nan har muryata ta dishe, kuma na lura kowacce ta fita sai ta ƙara masa gishirinta, don jiya na ji ana cewa wai jirgi na hau. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi da ɗan bokon da Allah ya ba ni, mai iya karatu ta karanta wa 'yar uwarta.

Kun san ni, ba ni da ƙafar yawo. Iyakata Kabo gidan biki, sai Kano in gwiwa ta matsa min. Abin da ya fitar da ni har wata ƙasa, Yaya Rakiya ce. Mu biyar mata Dada ta haifa a Mainika, ita ce babba ni ce auta, yau kuma mu biyu muka rage. Tun ina ƙarama ta auri wani mai fataucin shanu mutumin Nijar, suka zauna Maraɗi, daga baya suka koma Yamai. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Maza suka je ta'aziyya, ni na yi tawa ta waya. Na fake da gwiwa, amma gaskiya tsoron hanya ne.

Bayan ta fita takaba sai ɗanta Isufu ya kira Malam, maigidana, ya ce a ba shi ni. Ya ce, "Inna, tsohuwa ba ta cin abinci. Yadda aka kai mata kwano haka ake ɗaukowa. Likita ya duba bai ga ciwo ba, amma ya ce in ta ci gaba da ramewa haka, sai dai a kwantar da ita a riƙa ƙara mata ruwa." Na ce ya ba ni ita. Muryar da na ji kamar daga cikin rijiya take fitowa. Da na ajiye wayar Malam ya dube ni ya ce, "Shirya ki je. In kika zauna wani abu ya faru, ni ma ba za ki bar ni in zauna lafiya ba."

Ni a raina na riga na gano magani. Na ce tsufa ne ya zo, bakinta ya tuno gida. Saboda haka na surfa dawa aka niƙo, na tankaɗe kukar bayan gidanmu, na aika kasuwar Kara aka sayo min daddawar kalwa mai kyau, 'yan uwa a Mainika suka cika min ƙaramin galan da man shanu. Har muciyata na cusa a buhu. Malam ya ce, "Murhun fa, a nan za ki bar shi?"

Hajiya Ladi ta Kabo, wadda take kai zannuwa Maraɗi, ita aka damƙa ni a hannunta. Muka fita bayan asuba, muka kai Kano, muka shiga motar Katsina. A nan na fara abin kunya. Galan ɗin man yana ƙarƙashin kujera, na ɗaure bakinsa da leda, ban san ƙasan motar yana ɗaukar zafi haka ba. Kusa da ni akwai wani bawan Allah cikin farar shadda, sai ƙamshin turare yake. Muna wuce Bichi na ga yana ɗaga ƙafa yana leƙen ƙasa. Man ya narke, ya bi ƙasa ya jiƙa masa ƙafar wando har cikin takalmi. Na rasa inda zan sa kaina. Ya daɗe yana kallon wandon, sannan ya ce, "Inna, ɗaurin aure za ni fa, ba ni ne tuwon ba." Motar duk aka kwashe da dariya, har shi. Na yi ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ko ba a san shi a wurin ba ƙudaje za su gabatar da shi. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Rabin man ya tafi, na rungume sauran a cinya har Katsina.

Daga Katsina direba ya yi ta sauri, kun san hanyar Jibiya ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. A bakin iyaka aka ce kowa ya sauko da katin ɗan ƙasa da katin allura. Nawa na ƙulle su a haɓar zani, ƙulli uku, don kada su faɗi. Layi ya zo kaina, ƙulli ya ce bai san zancen ba. Mutane a bayana suna ta tsaki. Sai da Hajiya Ladi ta durƙusa ta sa haƙori, tana cewa, "Mairo, ko gadon Dada kika ƙulle a nan ai ya isa haka."

A ɓangaren Nijar wani ma'aikaci ya kwance buhuna, ya ɗago ledar kuka ya ce, "Wanga hwa, mi ne ne?" Na ce kuka ce. Ya ce, "Inna, mu da muke saida muku kuka, ke za ki yo mana dakonta?" Na ce, "Ɗan nan, ta bayan gidanmu ce. Yayata ce ba ta cin abinci a Yamai." Ya ɗauki daddawar ya shinshina, ya ce kakarsa irinta take sawa. Shi da kansa ya ɗaure min buhun, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Mun shiga Maraɗi ana kiran magariba, muka sauka gidan Hajiya Zalika, abokiyar cinikin Hajiya Ladi. Ba mu gama gaisawa ba aka dire mana ƙwaryar fura, su hura suke cewa, ƙwarya kamar ta wankan jariri. Mu nan fura bayan tuwo take zuwa, su ita ce a gaba, kuma in ba ka sha da yawa ba sai a ce ko an yi maka laifi. Miyarsu da daddawar batso suke yi, ta 'ya'yan yakuwa. Loma ta farko don kara na haɗiye, ta biyar kuwa ni na miƙa kwano aka ƙara min. A tsakar gida aka kafa mana gidan sauro. Matar nan ba ta taɓa ganina ba, amma katifarta ta ba ni, ita ta kwanta a tabarma. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kankare min dasashi, sai da na ga suna tsoma shi a shayi na gane dabarar.

Hajiya Ladi iyakarta Maraɗi. Ta sa ni a babbar motar Yamai, irin wadda kowa da lambar kujerarsa, ta damƙa ni a hannun wata tsohuwa Bazabarma da ke kusa da ni. Ba ta jin Hausa, ba na jin Zabarmanci. Ta ce fofo, wato sannunsu, na ce fofo, na fasa goro na ba ta rabi, shi ke nan muka zama ƙawaye. Yini guda muna hira da hannu, har na gane 'ya'yanta shida, biyu sun rasu. Sanyin motar kuwa kamar an sa mu a firji, sai da na ciro zanen da na riƙo wa Yaya tsaraba na lulluɓe mu tare. A Dogon Dutse aka tsaya salla. Na idar, na nufi mota na sa ƙafa, sai na ji an finciko mayafina. Tsohuwar nan ce. Ashe motocin biyu ne iri ɗaya, wadda zan hau Maraɗi za ta koma. An ce bayan Doso akwai raƙuman dawa a gefen hanya, wasu sun gani. Kada ku tambaye ni, barci nake.

Isufu ya tarbe ni a tasha. Yaron da na goya lokacin da Yaya ta zo gida wankan jego, ga shi da furfura a gemu. Ma'aikacin gwamnati ne, gidansa mai kyau. Matarsa Hadiza Bazabarma ce, tana da juna biyu, Hausarta a karkace amma ladabinta a miƙe. Ita ta ɗaga min labulen ɗakin Yaya.

Ban gane ta ba sai da ta yi magana. Awarwaron hannunta ya zame har gwiwar hannu. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Auta, kin tsufa." Na ce, "Yaya, ke fa, yarinya kika koma?" Muka rungume juna. Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne.

Gidan Isufu a tebur ake cin abinci. Kowa da kujerarsa, da farantinsa, da cokali, da wani mai yatsu, da wuƙa kamar za a yi fiɗa. Kujerar ta yi min tsawo, ƙafafuna suna lilo. Aka kawo ɗanyen ganye da tumatir, na zaci shi ne abincin, na cinye da burodi na yi hamdala, a raina ina cewa ashe dole Yaya ta rame. Sai ga shinkafa da kaza sun biyo baya, ni kuwa ba wuri. Akwai abin da suke kira kopto, na ɗanɗana na ce, ai wannan kwaɗon zogalenmu ne ya yi tafiya ya sake suna.

Washegari na shiga kicin. Ban taɓa tuƙa tuwo a kan gas ba, tukunya sai gudu take, sai da Hadiza ta riƙe min ita da tsumma. Na kaɗa miyar kuka, daddawa ta ji, na zuba man da ya tsira. Gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Hadiza ta jera a tire, ta kai ɗakin Yaya, ta durƙusa ta ajiye, ta fito ta saki labule, yadda suka saba. Ni kuwa na zauna ina jiran a fito da kwano wayam in yi wa Malam waya.

Aka fito da shi, wurin yatsa biyu kawai aka taɓa. Washegari ma haka. Na ce, "Yaya, miyar ba ta yi ba ne?" Ta ce, "Ta yi, Auta. Sannu. Ba ya wucewa ne." Na zaga bayan gida na yi kukana. Na ɗauko kaya tun daga Gwarzo, na ɓata wa mutum shadda, ashe ba maganin na riƙo ba. Isufu kuma ya ce min likita ya ba su zuwa ƙarshen mako.

Rana ta uku Isufu yana wurin aiki, Hadiza ta tafi awo, ta bar min abincin rana a tebur. Na hau kujera ni kaɗai. Tuwon nan ni na tuƙa shi, yunwa kuma ina ji, amma na kai loma baki ta tsaya min a wuya. Gidan shiru, har ƙarar taunata nake ji. Sai na tuna ni tunda aka haife ni ban taɓa zama gaban kwano ni ɗaya ba. Na ɗaga kai na dubi labulen Yaya.

Da Hadiza ta dawo na ce, "'Yar nan, da wa Yaya take cin abinci da can?" Ta ce, "Da Baba, kwano guda, tun da yara suka watse." Na ce, "Tun da ya rasu fa?" Ta ce, "Ita ɗaya." Na ce, "Ku kuna ina?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ina ni ina ci gaban surukuwata? Shi kuma kin san ɗan fari ne."

Na sani kuwa. Mu masu jinin Fulani kun san kunyarmu. Yaya ba ta taɓa kiran sunan Isufu ba, sai dai ta ce yaron nan, balle ta tauna abu yana kallo. 'Ya'yanta mata duk suna aure nesa. Ba wanda ya wulaƙanta ta a gidan nan. Girmamawa ce ta yi yawa, kowa ya ja da baya don ladabi, aka bar ta da tire da labule.

Ban ci komai ba har la'asar. Na tuƙa sabon tuwo, na juye malmala biyu a kwano ɗaya, na karɓi tabarma na shimfiɗa a ɗakinta. Na ce ta sauko daga gado, ta sauko don kada ta musa min. Na ajiye ruwan wanke hannu a gabanta, na wanke nawa, na ɗora shi a gwiwa, na zauna.

A gidan Dada, mu biyar akushi ɗaya muke kewayewa, kuma doka ce, ƙaramar yarinya ba ta sa hannu sai babba ta yi bisimilla ta yanki lomar farko. Ko yunwa za ta kashe ki, sai ki jira Yaya.

Ta ce, "Ci mana."

Na ce, "Ban ga hannun babba ba."

"Auta, na ce miki ba ya wucewa."

"To, ni ma na haƙura."

Ta kawar da kai. Muka zauna. Miya ta fara yin fata a sama, man ya fara daskarewa. Cikina ya yi wata ƙara da ko a tsakar gida an ji. Ta ce, "Tun yaushe rabonki da abinci?" Na ce tun shayin safe. Ta ce, "Da jikokinki da komai, taurin kan nan yana nan." Na ce, "Ba ni na kafa dokar ba."

Sannan ta jawo ruwa ta wanke hannu, ta yi bisimilla ta yanki 'yar loma kamar ta yaye. Na jira sai da na ga ta wuce, na yanki tawa daidai girman tata, na sake ɗora hannu a gwiwa. Ta harare ni. Ta sake yanka, na sake yanka. Haka muka yi ta yi, in ta tsaya in tsaya. Can sai ta tauna a hankali, ta ɓata fuska ta ce, "Kanwa kika sa."

Na ce e.

"Dada ba ta taɓa sa wa kuka kanwa ba. Ruwan toka take tsiyayawa. Shekara nawa kina kallo ba ki koya ba?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Washegari ta ce a gaya wa yaron nan ya nemo karan gero. Sai ga babban ma'aikaci ya fita bayan gari ya ciko bayan motarsa da kara. Yaya ta fito tsakar gida, karon farko cikin watanni, tana kan kujera tana ba da umarni, muka ƙona, muka huda tsohuwar ƙwarya muka tsiyaye tokar. Kuma gaskiyarta, miyar ta fi.

Daga nan hira ta ɓalle a bakin kwano. Ta tuna min ranar da akuya ta taka mana akushi, marigayiya Binta ta ce a ci gefen da kofato bai taɓa ba. Na tuna mata yadda in an zo rabon nama take turo min nata da ɗan yatsa, Dada tana yi kamar ba ta gani ba. Muka ambaci 'yan uwanmu uku ɗaya bayan ɗaya, da inda kowacce take zama, muka yi musu addu'a. Isufu kuwa ya bar tebur, ya riƙa ɗaukar farantinsa yana zama a baranda ƙarƙashin tagarta. Ya ce min bai taɓa sanin uwarsa ta yi tallan nono ba, bai taɓa jin dariyarta irin haka ba. Ita ma ta san yana wurin. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Wasu dai laɓe ba ya yi musu wuya," sannan ta ci gaba da labarin da ƙarfi yadda zai ji. Ƙarshen mako likita ya ce a bar ta a gida.

Saura abu ɗaya da ya hana ni sukuni, in na tafi wa zai zauna? Na kira Hadiza na ce, "Kunyar nan taku kyakkyawa ce, amma ta kusa kai ta kabari. Gobe tare za mu ci." Ta ce ba za ta iya ba. Yaya ma ta ce in bar yarinya. Na ce to ni ma ba zan ci ba, sun kuma riga sun san halina. Hadiza ta zo ta zauna a bakin tabarma, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya mana baya tana miƙo hannu ta gefe. Yaya ta kalle ta ta kalle ni, ta ce, "Ke, juyo. Ba a cin tuwo da ƙeya." Na koya mata dokar Dada, ta riƙe ta fiye da ni.

Mako uku na yi. Dawowa ba wani labari, sai dai wannan karon katunan a jaka na sa su. Na gode wa Allah da ya sa na same ta da rai, na gode wa Malam da ya tura ni, da Hajiya Ladi, da Hajiya Zalika, da tsohuwar da ban san sunanta ba. Ku kuma da kuka riƙe min gida da awaki, Allah ya bar zumunci.

Shekaranjiya da azahar Hadiza ta kira mu gaisa, Yaya ta karɓe wayar. Muryar ta dawo, har sai da na janye wayar daga kunne. Ta ce, "Auta, kin ɗaura min aiki kin gudu. Yarinyar nan ba ta sa hannu sai na sa, ga ta da juna biyu, sau huɗu take jin yunwa a yini. Rigunana duk sun fara kama ni." Na buɗe baki zan ba ta amsa, ta ce, "Sai an jima. Ga ta nan ta wanke hannu tana kallona."